Tsohuwar Manhaja a Sabuwar Na'ura: Windows, Macintosh da Unix

Babbar manhaja ita ce wadda ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da ƙananan manhajojin da mutum ke aiki da su, kamar na rubutu ko na lissafi. Ita ke raba ma'adana, ita ke buɗe fayil, ita ke kai saƙo ga na'urar buga takarda. Idan ɗalibi zai kwatanta manyan manhajoji, tambayoyi biyu sun fi kyan fuska muhimmanci. Shin abin da aka rubuta domin tsohon zubi zai yi aiki a sabo? Sa'an nan ta wace hanya kwamfutar ke magana da 'yan uwanta?

Kamfanin Microsoft ya daɗe da ɗaukar tambaya ta farko da nauyi, domin ya fahimci cewa wanda manhajarsa ta daina aiki bayan ya sayi sabon Windows, Windows zai zarga, ba marubucin manhajar ba. Akwai wani wasa mai suna SimCity wanda ke da kuskure a cikinsa: yakan mayar wa babbar manhaja wani yanki na ma'adana, sa'an nan ya koma yana karanta abin da ke wurin. A tsofaffin na'urori kuskuren bai taɓa bayyana ba, amma da aka zo gwajin Windows 95 sai wasan ya riƙa tsayawa. Maimakon a bar masu wasan da matsalarsu, sai injiniyoyin Microsoft suka sa Windows 95 ya gane SimCity idan an buɗe shi, ya jinkirta karɓe masa wannan yanki. Irin wannan lallashi ya bar alamu har yau. Dalilin da ya sa Windows ke ƙin a sa wa fayil suna CON ko PRN shi ne, tun zamanin MS-DOS an keɓe waɗannan sunaye ga allo da na'urar bugu. Duk da haka haƙurin yana da iyaka, domin Windows mai bit 64 ba ya gudanar da tsofaffin manhajoji masu bit 16.

Kamfanin Apple kuwa wata hanya ya bi. Sau uku yana sauya ƙwaƙwalwar sarrafawa ta Macintosh: daga Motorola zuwa PowerPC a 1994, zuwa Intel a 2006, sa'an nan zuwa ƙirarsa ta kansa a 2020. A kowane karo yakan samar da manhaja mai tafinta, wadda ke juya umarnin tsohuwar ƙwaƙwalwa zuwa na sabuwa, amma ba ya alkawarin riƙe ta har abada. Rosetta ta 2006 an cire ta a 2011, kuma zubin Catalina na 2019 ya daina karɓar duk wata manhaja mai bit 32. Amfanin hakan shi ne babbar manhajar ba ta jan tsofaffin kaya masu yawa. Wanda ke biyan kuɗin kuwa shi ne mai ɗakin gwaji da ya sayi na'urar awo mai tsada, wadda kamfaninta ya rufe bai bar sabuwar manhaja ba.

Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana da tsattsauran sharaɗi cewa gyaran ƙashin bayan tsarin kada ya lalata manhajojin mutane. Sai dai sauran sassan da ke kewaye da shi sukan bambanta daga rarrabawa zuwa rarrabawa, don haka sau da yawa akan sake harhaɗa tsohuwar manhaja daga asalin rubutunta.

A fagen sadarwa, dangin Unix ne suka riga kowa. Ranar 1 ga Janairu 1983 hanyar ARPANET ta Amurka ta koma amfani da ƙa'idar TCP/IP, kuma a wannan shekara Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da 4.2BSD ɗauke da ita. Ta nan ƙa'idar ta bazu a jami'o'i, ta zama harshen intanet. Apple ya fito da AppleTalk a 1985, wadda sauƙinta ya burge mutane, domin da an jona waya sai na'urorin su gano juna ba tare da an rubuta adireshi ba. Amma harshe ne na cikin gida, kuma an yi watsi da shi a 2009. Windows ya makara. A farkon shekarun 1990 ofisoshi da yawa NetWare na kamfanin Novell suka dogara da shi, kuma mai Windows 3.1 da ke son shiga intanet sai ya nemo ƙarin manhaja, irin su Trumpet Winsock daga Ostareliya. Windows NT na 1993 da Windows 95 su ne suka zo da TCP/IP a cikin kunshinsu.

Inda tambayoyin biyu suka haɗu, nan ne darasin ya fi tsanani. Windows yana raba fayiloli tsakanin kwamfutoci da wata ƙa'ida mai suna SMB, wadda asalinta ke komawa shekarun 1980. An fitar da SMB na biyu tare da Windows Vista, amma aka bar na farko a kunne domin tsofaffin na'urori su ci gaba da shiga. Tsohuwar manhajar rubutu ba ta cutar da kowa idan an bar ta, amma tsohuwar ƙa'idar sadarwa ƙofa ce da ke sauraren duk mai ƙwanƙwasawa. Ranar 12 ga Mayu 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a SMB na farko ta kulle fayiloli a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris, amma da yawa ba su ɗora ba. Tilas ta sa kamfanin ya yi wa Windows XP faci, alhali ya daina kula da shi tun Afrilun 2014.

Daga ƙarshen 2017 Microsoft ya fara janye SMB na farko daga sababbin zubin Windows 10. Abin da ya biyo baya shi ne koke daga ofisoshin da tsofaffin na'urorin ɗaukar hoton takarda da akwatunan ajiyar fayil nasu ba su san wata ƙa'ida ba sai ita. Don haka aka bar wurin da mai kula da na'ura zai iya sake kunna ta da hannunsa.