Haske, Iska da Hutu: Yadda Ake Tsara Ofis a Koriya ta Kudu

Ma'aikacin ofis yakan shafe aƙalla sulusin kwanansa cikin ɗaki guda, bisa kujera guda. Saboda haka duk abin da ɗakin ya tanada na haske da iska, jikinsa ne yake karɓa. Wannan magana tana da nauyi a Koriya ta Kudu, ƙasar da mutanenta suka yi suna wajen daɗewa a bakin aiki. Sai a shekarar 2004 aka soma aikin kwana 5 a mako, a 2018 kuma doka ta rage iyakar awoyin aiki daga 68 zuwa 52.

A tsohon tsarin ofisoshinsu, akan jera teburori suna fuskantar juna, shugaban sashe, wanda suke kira bujang, ya zauna daga can ƙurya da taga a bayansa, sabon ɗauka kuwa yana bakin ƙofa. Wannan ya samo asali ne daga al'adar girmama na gaba, wadda koyarwar Confucius ta dasa musu. Tsarin yana haɗa kan ma'aikata, amma yana da aibi guda, watau ana raba hasken rana bisa muƙami, alhali kuwa jikin babba da na ƙarami buƙatarsu ɗaya ce.

Me ya sa haske yake da muhimmanci haka? A bayan ƙwayar ido akwai wasu ƙwayoyin halitta masu auna ƙarfin haske, suna aika saƙo zuwa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ke aiki kamar agogo. Agogon nan shi ke tsayar da lokacin fitar sinadarin melatonin mai kawo barci. Fitilar ofis ba ta cika wuce awo 500 na ma'aunin luks ba, hasken rana tsaka kuwa yakan kai 100,000. Wanda ya yini nesa da taga agogonsa yana iya kaucewa, barcinsa na dare ya lalace. Binciken wannan agogo ne ya sa masana uku daga Amurka suka sami kyautar Nobel a 2017.

A wannan shekarar ce aka kammala hedkwatar kamfanin Amorepacific a birnin Seoul, wadda David Chipperfield, mutumin Ingila, ya zana. An bar tsakiyar ginin a buɗe, kamar tsakar gidan gargajiya na Koriya da ake kira hanok, aka kuma huda manyan kafofi uku a jikinsa, kowace da lambunta. Ta haka haske yake shiga daga waje da kuma daga ciki, ya iske ma'aikata masu yawa.

Sai batun iska. A sarari, iskar kabon dayoksaid tana wajen kashi 420 cikin miliyan, amma idan jama'a suka taru a ɗakin da aka rufe, nan da nan takan haura 1,000, abin da ke nuna iska ba ta sauyawa, sai kasala ta sauko. Buɗe taga ba kullum yake magani ba, domin a lokacin bazara ƙura mai kama da hazo takan taso daga hamadar Gobi ta lulluɓe ƙasar, ƙananan ɓurɓushinta kuma suna ratsawa har cikin huhu. Dole ke nan a sa na'urorin da ke tace iska kafin su shigo da ita.

Na uku shi ne hutu. Bayan azahar kuzarin jiki yakan ragu, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. A 2014 hukumar birnin Seoul ta yarje wa ma'aikatanta su ɗan runtsa har na awa guda, muddin za su rama lokacin. Wasu ma'aikatu sun keɓe ɗakin hutawa inda ake tuɓe takalmi a miƙe a ƙasa, bisa daɓen da ake ɗumamawa ta ƙarƙashi, dabarar da kakanninsu suka daɗe da sani da sunan ondol.

Ashe ke nan tsarin ofis nagari daga jikin ɗan Adam yake farawa, sa'an nan al'ada ta ba shi siffa. Dalibai suna iya gwada wannan a ajinsu: su ƙirga tagogi, su lura da waɗanda haske yake kaiwa gare su da waɗanda ba ya kaiwa, su kuma rubuta sa'ar da gyangyaɗi ya fi yawa. Daga nan sai su zana yadda ya kamata a jera kujerun.