Darasi: Kulle Filashi

Ya ku ɗalibai, filashi ɗan ƙarami ne, ɓatansa ba wuya. In ya faɗi da hoton takardar filin gidanku a ciki, duk wanda ya tsinta zai karanta.

Maganin abin a kulle shi. Windows Pro na da BitLocker, VeraCrypt kuwa kyauta ne. Suna hargitsa rubutun, ba ya karantuwa sai da kalmar sirri.

Ku kiyaye abu uku:

1. Ku zaɓi doguwar kalma, ban da sunanku.
2. BitLocker na ba da lambobi 48 na ko-ta-kwana. Ku rubuta, ku ba Baba ajiya. In kalma da lambobi suka ɓace, ko mai gyara ba ya iya buɗewa.
3. Ku ajiye kwafi a wani filashin, shi ma a kulle.

Tambaya: Don me kwafi ɗaya bai isa ba?