Jawabi Ga Mai Niyyar Tafiya Ƙasar Nijar A Kan Babur

Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutumin Kano ko Katsina idan ya ƙetare iyaka ya shiga Nijar zai iske harshe ɗaya, abinci ɗaya, har ya ɗauka gida ya ke. Amma dokar ƙasar dabam ta ke. Yawancin wahalar da kan sami matafiyi a can, tun daga gida ya kan ɗauko ta, watau abin da ya ƙi shiryawa kafin ya tashi.

1. Takardu

Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka yarda mutanensu su riƙa shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90. Ran 29 ga Janairu 1925 ba ta cikin wannan lissafi, gama ƙungiyar sai 1975 aka kafa ta. Ranar da ya kamata matafiyi ya riƙe ita ce 29 ga Janairu 2025, sa'ad da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga cikinta. Ko da ya ke ƙasashen uku sun sanar a Disamba 2024 cewa ba za su nemi biza daga mutanen ECOWAS ba, fasfo shi ya fi aminci bisa kowace takardar shaida.

Ban da fasfo, lalle ya riƙe lasin tuƙi, da takardun babur masu sunansa, da katin allurar shawara. Katin nan ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allura, saboda haka kada a bari sai jajiberen tafiya. Inshorar gida kuwa ba ta ƙetare iyaka. Ya tambayi kamfaninsa ko katin inshorar ƙetare, wanda aka tsara tun 1982, zai karɓu a can. In ba haka ba ya yanki ta ƙasar. A ofishin kwastan, wanda mutanen can ke kira duwan, za a ba shi takardar izinin shiga da babur na ɗan lokaci. Ya duba ranar ƙarewarta, ya adana ta, domin za a neme ta ran fita.

2. Babur

Kafin tashi a kai babur wurin makaniki, a juye baƙin mai, a duba birki da fitila da sarƙa. Tayar da ta suɗe a canja ta. A cikin jaka a sa fulogi, da wayar kuloci, da kayan faci, da famfo, da sifanu. Ƙura ita ce babbar abokiyar gābar inji, don haka a riƙa kakkaɓe matacin iska kowace maraice. Kaya a ɗaure su ƙasa ƙasa, nauyin dama daidai da na hagu. Hular kwano kuwa ba a tafiya sai da ita.

3. Hanya da lokaci

Daga Kano akwai hanyar Daura da Kwangwalam da Matamaye zuwa Damagaram, kimanin kilomita 240. Akwai kuma ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Daga Maraɗi babbar hanya ta bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso har Yamai, fiye da kilomita 600. Wannan ba tafiyar yini guda ba ce ga mai babur.

A Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Mai hankali ya kan tashi bayan asuba, ya sauka kafin azahar, ya sha ruwa tun bai ji ƙishi ba. Da damina kada ya shiga ƙorama mai gudu, ya jira ruwa ya janye. Tafiyar dare kuwa a bar ta sam, saboda ramuka da dabbobi da ɓarayi. Duk inda ya ga gidan mai ya cika tanki.

4. Hukuma

Saboda rashin tsaro an hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020. An kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai 2024 aka buɗe. Saboda haka lalle ya binciki halin da hanya ke ciki a makon da zai tashi, wurin hukuma da direbobin tasha. In ya zo shingen jandarma ya tsaya, ya kashe inji, ya yi sallama, ya miƙa takardu. Kada ya ɗauki hoton soja ko barikinsu.

5. Kuɗi

Kuɗin ƙasar sefa ne, amma da dala a ke lissafi a kasuwa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce ashirin, sefa 100 ya ke nufi. Ɗari kuwa 500, jika 1,000. Baƙon da bai san haka ba ya kan zaci cutarsa aka yi.

Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma bar wa iyalinsa labarin garin da zai kwana kowace rana, in Allah ya so zai je lafiya ya komo lafiya.