Mene ne ke sa sankarar nono ta girma?

Kowane manomi ya san ƙuduji. Irinsa yana iya yin shekaru cikin ƙasa bai tsira ba. Sai saiwar gero ko dawa ta zo kusa da shi, ta saki wani ɗan ruwa. Wannan ruwa shi ke tayar da shi. Sai ya tsira, ya manne ma saiwar, ya shanye abincin hatsi. Akwai irin sankara, wato ciwon daji, mai wannan hali cikin jikin mutum.

An gina jiki da ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Ƙwaya ɗaya tana rabuwa ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Haka yaro ke girma. Amma ƙwaya ba ta rabuwa don ganin damarta, sai an aiko mata da saƙo. Wasu ƴan aike jini ke ɗaukar su daga wani gefen jiki zuwa wani. Likitoci suna ce musu hormon. Wasu kuwa a maƙwabta suke aiki, su ne masu sa tsiro. In lauje ya yanki mutum, su ke ce ma ƙwayoyin fata su yaɗu, su rufe ciwon. Da ciwo ya rufe, sai saƙo ya tsaya.

Ƙwaya tana da ƙofofi inda ɗan aike ke yin sallama. Ƙwayar sankara ƙwaya ce da ta lalace. Wata ta yi ƙofofi da yawa, ɗan saƙo kaɗan ya ishe ta. Wata ƙofarta ta ƙi rufuwa. Wata ma ita ke aika ma kanta saƙo. Sai su yi ta rabuwa ba tsayawa, har su zama ƙulli.

Jikin mace yana yin hormon da ake kira estrojen. Yana fitowa daga gidan ƙwan haihuwa, kusa da mahaifa. Shi ke sa nonon budurwa ya fito. Ba cuta ba ne, aikinsa yake yi. Amma sankarar nono da yawa da shi suke girma. A shekarar 1895 wani likita mai suna George Beatson, a birnin Gilasgo na Birtaniya, ya cire gidan ƙwai na wata mace mai sankarar nono. Ƙullin ya ragu. A 1941 kuma likita Charles Huggins, a Amurka, ya nuna haka ga maza: sankarar furostat, wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsara, tana raguwa in an rage hormon na maza.

Yau akwai ƙwayar magani mai suna tamoksifen. Tana zama bakin ƙofa ta tare hanya, estrojen ya rasa wurin shiga. Ana shan ta kullum, shekara 5 ko fiye. Nan ne ake yawan kuskure. Mace ta ji sauƙi bayan an yi mata aiki, sai ta bar sha. Wata ta bari don maganin yana sa ta jin zafin jiki da zufa. Alhali wasu ƙwayoyin sankara suna nan kwance, kamar irin ƙuduji, suna jiran saƙo. Wadda maganin ya dama, ta koma ta gaya ma likita. Mai ciki kuma ba ta shan shi.

Ba kowace sankarar nono ke jin wannan magani ba, don wata ba ta da ƙofar estrojen. Wata ƙofar masu sa tsiro ce ta yi mata yawa, ana ce ma ƙofar HER2. Ita allura ce maganinta, wadda hukuma ta amince a riƙa yi ma mata a 1998. Shi ya sa likita ke yanko ɗan nama daga ƙullin, a duba irinsa kafin a ba da magani. Maganin wata ba na wata ba ne, kada a yi aro.

Sankarar nono takan fara ba tare da ciwo ba. Macen da ta taɓa ƙulli a nono ko a hammata, ko ta ga jini na fitowa daga kan nono, ta tafi gidan likita cikin makon nan, mijinta ya raka ta. Kada a kai ta wurin wanzami, kada a yi mata sakiya. Yawancin ƙulli ba sankara ba ne, amma sai an duba ake sani. In likita ya ga da bukata, zai ba ta takarda zuwa babban asibiti, ko cibiyar yaƙi da sankara da ke Yamai.