Darasin Goma: Abin da ke Kashe 'Yan Gudun Hijira

A tsakiyar watan Yuli na 1994, bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda, mutane tsakanin 500,000 da 800,000 suka tsallaka iyaka cikin 'yan kwanaki, suka sauka a Goma ta ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Cikin wata guda kusan 50,000 suka rasu. Mai karatu zai zaci yaƙi ne ya biyo su. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 1995 ya nuna akasarinsu gudawa ce ta kashe su, wato kwalara da farko, sannan atuni.

Masana suna auna tsananin irin wannan hali da yawan masu mutuwa a kullum cikin mutum 10,000. Idan ya haura ɗaya, an shiga halin gaggawa. A Goma ya kai 20 zuwa 35. Samun wannan adadi kansa aiki ne, domin babu rajista: sai ƙirga gawawwakin da motoci ke kwashewa daga bakin hanya, da kuma bin bukka bukka ana tambayar wanda aka rasa.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Garin na zaune bisa busasshen aman dutsen Nyiragongo, ƙasa mai tauri da magirbi ba ya huda ta, balle a haƙa masai ko rijiya. Jama'a suka koma ga Tafkin Kibu, nan sha, nan wanka, kuma nan ƙazanta ke gangarawa. Ƙwayar kwalara ba ta neman abin da ya fi haka. Idan ta isa ƙaramin hanji, sai ta saki dafin da ke sa bangon hanjin tsiyayar da gishiri, ruwan jiki ya bi shi, har babban mutum ya bushe cikin sa'o'i.

Abin takaici, maganin ba mai tsada ba ne. Likitocin da suka zo daga Daka ta Bangaladash, inda aka daɗe da sanin cutar, sun tarar ba a bai wa marasa lafiya ruwan gishiri da sukari yadda ya kamata, ƙarin ruwa ta jijiya yana tafiyar hawainiya, ga kuma ƙwayar ta daina jin tetarasaikilin.

Wannan abin kunya yana cikin dalilan kafa shirin Sphere a 1997, wanda ya tsayar da aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana. Rubuta ƙa'ida dai ya fi cika ta sauƙi: a 2017 kwalara ta ɓarke a sansanin Muna Garej na Maiduguri, sai dai a wannan karo an samu allurar rigakafi ta baki, wadda aka ɗiga wa dubban ɗaruruwan mutane a Jihar Borno.