Koto da bindigar toka a farkon damina: amsa ga wani manomin Kwali

Wani manomi daga Kwali ya aiko da tambaya. Ya ce gwaggon biri da gyazbi sun hana shi sakat a gonarsa ta masara da rogo. Ɗansa ya nuna masa bidiyo a waya, inda maharban Kanada suke zuba koto a ganga su hau bishiya su jira baƙin beyar, da bindigar da ake ɗurawa ta baki irin tamu. Shi ma yana da bindigar toka da ya gada, shin ya gwada?

Malam, abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne dokar da ke bayan wannan harbi. A lardin Ontario na Kanada an soke farautar beyar ta bayan sanyi a 1999, musamman don ana kashe uwaye 'ya'yansu su mutu da yunwa. Sai a 2014 aka dawo da ita a matsayin gwaji, kuma haramun ne a harbi macen da ke tare da 'ya'ya. Hujjar masu koto ita ce dabbar tana tsayawa kusa, maharbi ya ƙare mata kallo kafin ya ja kunama. Su so suke dabbar ta zo. Kai so kake ta tafi, kuma biri ba ya manta inda ya ci daɗi. Ka harbe ɗaya, saura su koyi lokacin da ba ka nan. Koto a bakin gona gayyata ce.

Sai doka. Dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigar toka cikin makamai, kuma a yankin Abuja riƙe ta sai da lasisin 'yan sanda. Gado ba lasisi ba ne. Ka tuna da halin da dazukanmu suke ciki tun kafin sace-sacen mutane na Bwari a farkon 2024. Wanda aka gani a ɓoye da bindiga da dare, ba lallai a tsaya jin bayaninsa ba. Akwai kuma dokar 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda aka tsananta tararta a 2016.

Inda na fi jin tsoro shi ne ita kanta bindigar, musamman a farkon damina. Daga Afrilu, da ruwa ya fara sauka, iska kan cika da laima, albarushi kuwa yana shan laima kamar gishiri. Bindigar da ta kwana a ɗure a jingine da bango, ko ta yi awa uku a kan cinyarka cikin raɓa, tana iya ƙin tashi. Mafi muni, tana iya yin shiru na ɗan lokaci sannan ta tashi. A wannan shirun ne mutum yake juyo bakinta ya leƙa. Idan ta ƙi, ka bar bakinta yana kallon inda ka saita, ka ƙirga minti guda cur kafin ka motsa.

Abu na biyu, ɗuri a kan ɗuri. Mutum ya manta ya ɗura jiya, yau ya ƙara. Maganinsa ba ya cin ko kwabo: ka zura sandar ɗuri lokacin da bindigar ba komai a ciki ka yi mata alama, ka sake yin wata bayan ka ɗura. Duk ranar da za ka ɗauke ta, sanda ce za ta gaya maka gaskiya. Ka kuma tabbata harsashin ya zauna daram a kan albarushi, domin sarari tsakaninsu yana fasa bututu. Bayan harbi kada ka zuba sabon albarushi kai tsaye daga ƙahon da kake ajiye shi. Ƙwayar wuta tana iya saura a ciki, sai ƙahon ya fashe a hannunka. Ka goge, ka auna a wani ƙaramin mazubi, sannan ka zuba.

Kada ka kuskura ka farke harsashin zamani ka juye garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya fi abin da aka ƙera ta ta ɗauka, balle wadda aka yi bututunta da bututun ruwa. Tokar da albarushi yake bari ma tana cin ƙarfe. A wanke da ruwan zafi, a busar, a shafa mai. Bindigar da ta shekara ashirin a rataye ba wanki, ni dai ba zan kai ta kusa da fuskata ba sai maƙerin da ya san aikin ya duba ta.

Zaman dako kuma yana da nasa haɗarin. Gonakin Kwali da Abaji da Kuje ba dajin Kanada ba ne. Akwai makiyayi, akwai mata masu itace, akwai yaron da aka aika. Ido ya gaji da jira, ganye ya motsa, hannu ya riga hankali. Abin da ba ka ga kansa da ƙafarsa ba, ba abin harbi ba ne. Guba a koto kuwa kada ma ta zo maka a rai. Karen maƙwabci zai ci, angulu za ta ci, ga shi tun 2015 aka sa angulun da muka sani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, wani kuma zai tsinci mushen ya kai kasuwa.

To, me za ka yi? Biri da rana yake ɓarna, don haka gadi da kare da hayaniya sun fi harsashi aiki, musamman daga lokacin da masara ta yi goyo. Ku haɗa kai da maƙwabtan gona ku riƙa karɓa-karɓa. Gyazbi da dare yake fita, kuma ciyawa ce mafakarsa: ka share gefen gona fes, ka ɗana tarko a kan hanyarsa. Idan ɓarnar ta fi ƙarfinku, ku kai maganar ga mai gari da Sarkin Baka, a turo maharbi mai lasisi wanda 'yan banga suka san da fitarsa.

Bindigar Baba kuwa, ka zura mata sanda yau ka ga ko a ɗure take, sannan ka nufi ofishin 'yan sanda na Kwali ka tambayi hanyar lasisi.