Kafin Ka Ce Zuciyarka Ta Gaji

Duk wanda ya zauna makarantar zaure a Kazaure ya san littafin Ahalari bai kai ga alwala ba sai da ya yi maganar tuba: nadama, barin saɓon nan take, da ƙudurin ba za a koma ba. Inda muke noƙewa shi ne haƙƙin mutane. In ka ci iyakar gonar maƙwabcinka a Roni, ko ka tauye mudu a kasuwar Babura, istigfari dubu ba zai maye gurbin zuwa ƙofarsa ba. Je ka mayar masa da abinsa. In kunya ta hana ka, tafi da dattijon unguwa.

Bayan tuba sai zikiri: in ka idar da Asuba kada ka yi wuf ka jawo waya. Zauna inda ka sallame har gari ya waye, kana zikiri ba gaggawa. Masu sallama suna laluben takalmi, su ne suka fi kukan ƙunci.

Tawakkali kuwa, manomin Gwiwa ya riga malamai da yawa fahimtarsa: ya kai taki tun rani, ruwan shuka na sauka ya shuka geronsa, sannan ya kwanta ya yi barci, tunda hadari ba a hannunsa yake ba.